Tiyatar ƙara tsawo: Kada garin neman gira a rasa ido

A hutun da ya wuce muna zaune a wani shagon cajin waya a Funtua, sai wani ƙanenmu ɗan aji biyu na babbar sakandare ya miƙo mana waya, ya ce don Allah mu kalli wani bidiyo. Wani matashi ne a ƙasar waje yake nuna hotonsa guda biyu. A na farko yana tsaye kansa bai wuce kafaɗar abokinsa ba, a na biyu kuma sun yi kai ɗaya. A ƙasan bidiyon an rubuta cewa tiyata aka yi masa. Ƙanen namu ya tambaye mu ko gaskiya ne, in kuma gaskiya ne nawa ake yi.

Da farko dariya muka yi, amma da muka dubi fuskarsa sai muka ga da gaske yake. Tun yana firamare burinsa ya zama soja. Duk lokacin da mota ta bi da shi ta Zariya sai ya leƙa ko zai hango kuratan da ake horarwa. A ajinsu shi ne ake sa wa a gaban layi kullum, kuma sunansa na yanka ya kusa ɓacewa saboda kowa Gajere yake ce masa. Ya riga ya ji cewa sanarwar ɗaukar sojan ƙasa takan nemi namiji ya kai mita 1.68, ta 'yan sanda kuma mita 1.67 ga maza da 1.64 ga mata. Ya auna kansa a jikin bango, ya ga da sauransa.

Mun san ba shi kaɗai ba ne. Daga Funtua zuwa Bakori, daga Ƙafur zuwa Malumfashi, babu makarantar da za a rasa ɗalibi ko ɗaliba da ke kwana da wannan damuwa. Shi ya sa muka zauna muka bi diddigin wannan tiyata, domin mu kawo muku abin da bidiyon minti ɗaya ba ya nunawa.

Yadda ake yin aikin

Amsar tambayar ƙanenmu ta farko ita ce, e, gaskiya ne ana iya ƙara wa ƙafa tsawo. Sai dai hanyar tana farawa ne da karya ƙashi mai lafiya. Likita zai yanke ƙashin cinya ko na ƙwauri gida biyu, sannan ya riƙe ɓangarorin da ƙarfe. Bayan kamar mako guda, lokacin da jiki ya fara ƙoƙarin haɗa karayar, sai a fara janye ɓangarorin daga juna a hankali, milimita 1 kacal a rana. Ku ɗauko rular da ke cikin akwatin lissafinku ku dubi ƙaramin layi guda, to shi ke nan abin da ake samu a yini. Shi ma ba a lokaci ɗaya ake ja ba, akan raba shi sau huɗu. Jiki kuma yana ta cike gurbin da sabon ƙashi mai taushi, wanda sai daga baya zai yi ƙwari.

Ƙarfen iri biyu ne. Akwai na waje, wanda ake zagaye ƙafa da zobba, a soka wayoyi da ƙusoshi su huda fata da tsoka su ratsa ƙashi, majinyaci yana murɗa noti da kansa kullum. Akwai kuma na ciki, wato doguwar ƙusa da ake zurawa a ramin ɓargo. Irin ta zamani tana da maganaɗisu a ciki, ana ɗora wata na'ura a kan cinya sai ƙusar ta miƙe kaɗan. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan ƙusa mai suna Precice a 2011.

Yanzu mu yi lissafi. Likitoci sukan tsaya a wajen santimita 8 a cinya, a ƙwauri kuma 5 zuwa 6, domin abin da ya wuce haka haɗarinsa yana ninkuwa. Santimita 8 bai kai tsawon katin ATM ba. Kafin a same shi sai an yi kwana 80 ana ja. Bayan an gama ja, sabon ƙashin yana bukatar kusan ninki biyu na wannan lokaci kafin ya iya ɗaukar nauyin mutum. Ga mai ƙarfen waje, ana ƙiyasta wata guda ko fiye a kan kowane santimita. Wato kusan shekarar karatu guda ke nan mutum yana tsakanin gado da keken guragu da sanduna, kuma kullum sai an yi masa gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi mai zafi. Mai ƙusar ciki kuma yana da wata tiyatar a gaba, ta cire ƙarfen, bayan shekara ɗaya ko biyu.

Don wa aka ƙirƙiro ta?

Wani likitan Italiya mai suna Alessandro Codivilla ya rubuta yadda ya gwada ƙara wa ƙafa tsawo tun a 1905, amma wanda ya gyara dabarar har ta zama abin dogaro shi ne Gavriil Ilizarov, likitan tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wanda ya rayu daga 1921 zuwa 1992. A yankin Kurgan na Saiberiya ya yi aiki, inda ya tarar da sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da karayar da ta ƙi haɗewa. A farkon shekarun 1950 ya ƙera zobban ƙarfen da har yau ake kira da sunansa.

Sunansa ya fito ne ta dalilin wani ɗan wasa, Valeriy Brumel, wanda ya ci zinare a tsallen sama a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964. Shekara guda bayan haka ya yi haɗarin babur, ƙafarsa ta dama ta ragargaje. An yi masa tiyata iri-iri ba a dace ba, sai a 1968 Ilizarov ya karɓe shi ya ceto ƙafar. Brumel ya koma tsalle, amma bai sake kai matsayinsa na da ba. A 1980 kuma likitan ya warkar da wani Ba'italiye mai yawon duniya, Carlo Mauri, daga nan dabarar ta shiga Turai.

Ku lura da waɗanda aka yi wa aikin: sojan da ya ji rauni, da wanda babur ya karya. Irinsu muna da su a nan gida. Akwai wanda ya faɗi a kan babur a hanyar Funtua zuwa Malumfashi, aka yi masa ɗori ƙashin ya hau kan juna, ƙafa ɗaya ta gajarce. Akwai yaron da ya faɗo daga bishiyar mangwaro, karayar ta bi ta wurin da ƙashi ke tsiro, ƙafar ta daina girma daidai da 'yar'uwarta. Akwai wanda ciwon ƙashi ya cinye masa wani yanki, abin da ke yawan samun masu sikila, da wanda shan inna ya bar shi da siririyar ƙafa gajera. Ga waɗannan, aikin rahama ne. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake cikin tsofaffin asibitocin ƙashi uku na Gwamnatin Tarayya tare da na Igbobi a Legas da na Inugu, yana amfani da wannan dabara wajen cike gurbin ƙashi da daidaita ƙafa. Wanda ke ɗingishi ya karɓi wahalar wata takwas domin ya taka daidai, ya ci riba. Shi kuwa mai ƙafa biyu lafiyayyu, da me zai fita in abin ya ɓaci?

Abin da ke iya ɓaci

Matsala ta farko, kuma mafi yawa ga masu ƙarfen waje, ita ce ƙwayoyin cuta. Kowace waya da ta huda fata ƙofa ce a buɗe tun daga waje har cikin ƙashi, kuma za ta zauna a haka wata da watanni. Wurin yakan yi ja, ya kumbura, ya fara fitar da mugunya. In an yi sa'a magani ya kashe ta. In ba a yi ba, cutar ta gangara cikin ƙashi, kuma ciwon ƙashi yana iya bin mutum shekaru yana warkewa yana dawowa. Ku tuna da ƙurar hunturu da zafin bazara da ƙarancin ruwa a garuruwanmu, sannan ku ƙiyasta wanke ramuka goma ko fiye a ƙafa kowace rana.

Ta biyu ita ce tsoka da agara. Ƙashi yana yarda a ja shi, amma naman da ke kewaye da shi ba ya miƙewa da saurin da ake so. Idan aka ja ƙwauri, agarar bayan dunduniya takan ɗaure, sai mutum ya koma tafiya a kan yatsu, diddigensa ba ya taɓa ƙasa. Idan cinya ce, gwiwa takan sandare, ta ƙi miƙewa ko ta ƙi lanƙwashewa. A wasu lokuta ƙarfin jan yakan sa gaɓa ta goce daga mazauninta. Ga mu da rayuwarmu ta dogara da durƙuso da tsuguno, a salla da gona da cin abinci a tabarma har da ban ɗaki, gwiwar da ba ta lanƙwashewa ba ƙaramar asara ba ce.

Ta uku jijiyoyi ne. Akwai wata jijiya da ke zagayowa ta gefen gwiwa, ita ke ɗaga tafin ƙafa sama idan muna tafiya. Ba ta jure ja. In ta wahala, mutum zai fara jin kamar ana tsira masa allura ko ana zuba masa barkono, daga baya wurin ya mutu. In ta lalace, tafin ƙafar zai riƙa laɓewa ƙasa, sai an ɗaga gwiwa sosai kafin a yi taku. Wani yana warkewa, wani kuwa ya tafi da shi ke nan.

Ta huɗu shi kansa sabon ƙashin. Wani lokaci yakan yi gaggawar haɗewa tun ba a gama ja ba, dole a koma a sake karya shi. Wani lokaci kuma ya ƙi fitowa sam, a bar mutum da gurbi a tsakiyar ƙafa, sai an yanko ƙashi daga ƙugunsa an cike. Yana iya fitowa a karkace, ƙafa ta zama gwame ko ta baka. Yana iya sake karyewa bayan an cire ƙarfe. Kuma tunda ƙafa biyu ake yi wa aiki, ɗaya tana iya fin ɗaya, wanda ya shiga asibiti yana tafiya daidai ya fito yana ɗingishi.

Ƙarfen ma yana ba da matsala. Ƙusa tana lanƙwashewa ko ta karye, ko injin cikinta ya tsaya. A 2021 an janye wata sabuwar ƙusa mai suna Stryde daga kasuwa, bayan an samu rahoton ciwo da sauye-sauye a ƙashin waɗanda aka sanya wa. Ita ce a lokacin ake tallatawa a matsayin wadda ta fi kowace ƙarfi.

Sai kuma waɗanda ke iya kisa. Idan ana huda ramin ɓargo domin zura ƙusa, maiƙon ɓargon yana iya shiga jini ya tafi huhu ya toshe numfashi. Doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Ƙafa tana iya kumbura ta ciki har jini ya daina zagayawa, in ba a tsaga ta da gaggawa ba nama ya mutu, ƙarshenta a yanke. Waɗannan ba kullum suke faruwa ba, amma suna faruwa, kuma a kan mutumin da lafiyarsa ƙalau ya kai kansa.

Akwai abin da ba a gani a hoton ƙashi: ciwon da ke hana barci wata da watanni, da haɗarin sabawa da magungunan kashe zafi masu ƙarfi. Mu da muka ga abin da Tramadol ya yi wa wasu samarin unguwanninmu ba ma bukatar dogon bayani a nan. Da yawa kuma ba sa komawa gudu da tsalle kamar da. Ke nan wanda ya yi aikin don ya shiga soja ya sayar da abin da sojan ke nema. Ita ma sanarwar 'yan sanda da ta faɗi tsawo, ta lissafa gwame da ƙafar baka da lanƙwasasshiyar gwiwa cikin abubuwan da ke hana a ɗauki mutum.

Darasi daga Sin da Indiya

Ƙasar Sin ta riga kowa ganin ƙarshen wannan hanya. A farkon shekarun 2000, lokacin da wasu ma'aikatu ke sa sharaɗin tsawo kafin su ɗauki ma'aikaci, asibitoci masu zaman kansu suka yi ta yi wa matasa wannan aiki. Da rahotannin waɗanda suka nakasa suka yi yawa, Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar ta haramta yin sa don kwalliya a 2006, ta bar shi ga masu larura kawai. A birnin Haidarabad na Indiya kuma, a 2016, an yi wa wani matashi mai matsakaicin tsawo aikin ba da sanin iyayensa ba. Ya daɗe a kwance cikin ciwo, maganar ta kai gaban hukumar likitocin jihar, ta dakatar da likitan na shekara 2.

Game da tambayar ƙanenmu ta biyu, a Amurka kuɗin yakan fara daga wajen Dala 70,000, yana iya haura 150,000. Idan Dala tana kusa da Naira 1,500, mafi ƙarancin ya wuce Naira miliyan 100. Ga aikin gida: ku tambayi farashin buhun masara a kasuwar Dandume, ku raba, ku ga buhu nawa ne kuɗin santimita ɗaya. Akwai ƙasashen da ake yi da rahusa, kuma can mafi yawan masu bidiyo ke zuwa. Matsalar ita ce idan abu ya ɓaci bayan mutum ya dawo gida, likitan da ya yi aikin yana wata nahiya.

Tarkon da ya fi kusa da mu

Mun san da wuya a samu ɗalibi a Malumfashi da zai tara wannan kuɗi. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ƙananan tarkuna da ke biyo bayan irin wannan bidiyo. Da zarar ka kalli ɗaya, sai wayarka ta cika da tallan ƙwayoyi da garin sha da man shafawa, kowanne yana alkawarin ƙara inci uku a wata guda.

Ga yadda abin yake a jiki. Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi akwai wani faifan guringuntsi, daga nan ƙashi ke tsiro. Idan balaga ta kammala, faifan yakan rufe ya zama ƙashi, yawanci tsakanin shekara 14 zuwa 16 ga mata, 16 zuwa 18 ga maza, wasu su ɗan wuce haka. Bayan ya rufe, babu ƙwaya ko tsimi ko rataya a reshen bishiya da zai ƙara ko da milimita ɗaya. Kafin ya rufe kuma, wasu magungunan illa suke yi. Ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe sau da yawa suna ɗauke da sinadarin da ke rage girman yaro kuma ya raunana ƙashi idan aka daɗe ana sha.

Za ku ce ai Lionel Messi allura aka yi masa. Haka ne. Yana yaro likitoci suka gano jikinsa ba ya samar da isasshen sinadarin girma, aka ɗora shi a kan allura, kulob ɗin Barcelona ya ɗauki nauyin ci gaba da ita bayan ya koma Sifen yana ɗan shekara 13. Larura ce da gwaji ya tabbatar, aka yi maganinta a hannun likita tun ƙashinsa bai rufe ba. Duk da haka a mita 1.70 ya tsaya. Wanda ba shi da wannan larura ya je ya sayi allurar, abin da zai iya samu shi ne kumburin gaɓoɓi da hawan sukari.

Inda tsawonmu ke zubewa

Masana sun ce kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin tsawo tsakanin mutane gado ne. Idan iyayenka da kakanninka gajeru ne, gajartarka ba ciwo ba ce. Amma gado iyaka kawai yake sa wa, abinci da lafiya su ke sa a kai iyakar ko a tsaya a hanya. A nan ne maganar ta dawo gida.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma kashi 57 ne, a Jihar Katsina kuwa kusan yara 6 cikin kowane 10. Mafi yawan wannan asara tana faruwa ne a kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, kuma abin da aka rasa a lokacin da wuya ya dawo duka. Ba tsawo kaɗai ke tafiya ba, har da ƙarfin jiki da kaifin ƙwaƙwalwa a aji.

Abin da ya fi ciwo shi ne inda muke zaune. Yankinmu rumbu ne. Masara da dawa da waken suya da wake da gyaɗa suna fita daga Funtua da Dandume da Bakori da Ƙafur da Malumfashi a manyan motoci, tumatirin Danja yana kaiwa har kudu. Amma a gidaje da yawa yaron da aka yaye koko tsura yake sha da safe, tuwo da miyar kuka da dare, waken suyan kuma an sayar an kai kamfanin abincin kaji. Wani wurin talauci ne, wani wurin rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu, wani wurin kuma rashin sani ne kawai. Gudawa a kai a kai saboda gurɓataccen ruwa, da tsutsar ciki, da zazzaɓin cizon sauro, suna ƙara zubar da ɗan abin da yaro ya ci. Yarinyar da ta ɗauki ciki tun ita kanta ba ta gama girma ba kuwa, ita da jaririn suna rabon abinci ɗaya, dukansu biyu su tauye.

Wani babban bincike da aka fitar a 2016, wanda ya duba tsawon mutanen duniya a cikin shekara 100, ya gano matan Koriya ta Kudu sun ƙaru da kusan santimita 20. Ba a karya ƙafar kowa ba. Abinci ya inganta, ruwa ya tsabtata, cututtukan yara suka ragu. Binciken ya kuma nuna cewa a wasu ƙasashen Afirka, har da maƙwabciyarmu Nijar, tsawon ya ja baya. Wuƙar likita tana ba mutum ɗaya santimita 8 cikin azaba, kwanon abinci ya ba al'umma guda 20.

Me ɗalibi zai iya yi?

Mafi yawanku faifan ƙashinku bai rufe ba, don haka kuna da sauran dama. Jikin da ke girma yana son abinci mai gina jiki: awara, wake, ƙuli-ƙuli, ƙwai, nono, kifi, da ganye irin su zogale da rama da alayyahu. Idan kuɗin tara ya shigo hannu, awara ko dafaffen ƙwai ya fi lemon kwalba da biskit. Ku yi barci isasshe, domin cikin barci mai nauyi jiki ya fi sakin sinadarin girma, kuma wayar da ke hannu har ƙarfe ɗayan dare tana cin wannan lokaci. Ku yi wasa da motsa jiki, ku sha maganin tsutsar ciki idan ma'aikatan lafiya sun kawo, ku nisanci sigari da ƙwaya.

Ku kuma sani kowa da lokacinsa. Mata sukan yi saurin miƙewa tsakanin shekara 10 zuwa 14, maza 12 zuwa 16, kuma akwai masu jinkiri da sai a ajin ƙarshe suke harbawa. Masu sikila musamman sukan makara wajen girma da balaga. Sai dai akwai alamun da ke bukatar ganin likita: yaron da ya wuce shekara 4 bai balaga ba amma ba ya ƙara ko santimita 4 a shekara, yarinyar da ta kai 13 ko yaron da ya kai 14 babu wata alamar balaga, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. A fara da babban asibitin Funtua ko na Malumfashi, in da bukata su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko Dala. Haka nan idan yaro ya karye, musamman kusa da gaɓa, a yi hoton ƙashi kafin komai. Ɗaurin da ya matse har yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka canza launi, a kwance shi a garzaya asibiti a ranar, domin ta haka ake rasa hannu da ƙafa.

Babban aikin kuma yana kan ƙannenku. Ku ne kuka yi darasin rukunonin abinci a aji. Ku gaya wa Inna da Yaya cewa jariri nonon uwa zalla yake bukata har wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2. Idan za a yi garin kunun yaro, a soya waken suya da gyaɗa a haɗa da gero ko dawa a niƙa tare. Ku roƙi Baba ya ware ko tiya kaɗan na waken suya kafin a kai kasuwa. Santimitar da ba za ku iya saya wa kanku ba, kuna iya ajiye wa autan gidanku.

Ga masu tsokana

Ba mu manta da abin da ya kai ƙanenmu ga wancan bidiyo ba. Bakin abokai ne. Wanda aka haifa wada, ko wanda yunwar ƙuruciya ta tauye, ko wanda ya gaji gajarta, babu wanda ya zaɓa wa kansa. Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu labarin Sahabi Abdullahi ɗan Mas'ud, mutum ne ɗan ƙarami mai siraran ƙwauri. Wata rana ya hau bishiya, iska ta kware ƙafafunsa, wasu suka yi dariya, sai Manzon Allah (SAW) ya sanar da su cewa waɗannan ƙafafu sun fi dutsen Uhudu nauyi a ma'auni. Har yau ana ambaton sunansa cikin manyan masana Alƙur'ani. A filin ƙwallo ma, Maradona mita 1.65 ne, N'Golo Kante 1.68, kuma kowannensu ya ɗaga kofin duniya. Hausawa sun ce gajere ba yaro ba ne.

Kafin mu koma makaranta mun tsayar da ƙanen namu a jikin bangon zaure, muka ja layi da gawayi, muka rubuta kwanan wata. Shekararsa 16, muryarsa ba ta daɗe da buɗewa ba, don haka akwai alamar bai gama ba. Mun yi yarjejeniya cewa sai bayan wata shida za a sake aunawa, kuma in ma bai kai mita 1.68 ba, zai zauna ya rubuta wasu hanyoyi uku da zai bi ya yi wa ƙasa aiki da ƙafafunsa biyu lafiya. Mun kuma ja wani layin can ƙasa, na ƙanwarsa mai shekara ɗaya da rabi, muka ɗora masa alhakin tabbatar da cewa kullum akwai waken suya a kununta.

Ku ma ku ja naku layin, ku rubuto mana abin da kuka gani.